Mayar da kwalejin noma jami'a: Wa ke riƙe da akala?

Tun bayan da kundin tsarin mulkin Nijeriya na shekarar 1979 ya bai wa jihohi ikon kafa jami'o'i nasu na kansu, da wuya kakar zaɓe ta wuce ba a ji wani ɗan takara ya yi alƙawarin ɗaga darajar wata kwaleji zuwa jami'a ba.

Kwalejojin koyon aikin gona suna cikin waɗanda aka fi kai wa ido, domin suna da abubuwan da sabuwar jami'a ke buƙata tun ranar farko: makeken fili, da azuzuwa, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da kuma ma'aikata.

Sai dai sauya allon da ke bakin ƙofa shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ke nuna ko sabuwar jami'ar za ta tsaya da ƙafafunta shi ne tsarin gudanarwa, wato wa ke naɗa shugabanni, wa ke biyan albashi, wa ke yanke kuɗin makaranta, kuma ina makomar horon da kwalejin ta saba bayarwa.

Jihar Kaduna na da dogon tarihi a wannan fanni, kuma tarihin ya shafi rayuwar mazauna unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, irin su Kakuri da Makera da Barnawa da Sabon Tasha.

Yadda aka yi a Samaru

A shekarar 1922 ne gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru, kusa da Zariya. A gefen tashar kuma aka riƙa horar da ma'aikatan da ke shiga ƙauyuka suna koya wa manoma sababbin dabaru, waɗanda jama'a suka sani da sunan malaman gona.

Bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960 a kan ilimi mai zurfi, gwamnatin Jihar Arewa, wadda ke da mazauni a Kaduna, ta yanke shawarar kafa jami'arta.

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga watan Oktoba na 1962. Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, shi ne uban jami'ar na farko, yayin da Norman Alexander, ɗan ƙasar New Zealand, ya zama shugabanta na farko.

Ba daga fili fetal aka fara ba. Jami'ar ta gaji kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, da makarantar horar da ma'aikatan mulki da ke Kongo, da kwalejin Kano wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero, da tashar binciken Samaru, da kuma gonar dabbobi ta Shika.

Da aka rarraba Jihar Arewa zuwa jihohi shida a 1967, sai makarantun noma na tsohuwar gwamnatin suka rasa uba guda. Aka miƙa wa jami'ar makarantar Samaru, da ta Kabba, da kuma makarantar koyon kiwon dabbobi da ke kan hanyar Mando a Kaduna. A 1971 aka haɗa su a ƙarƙashin sashe guda na jami'ar.

Muhimmin abin lura a nan shi ne ba a narkar da makarantun ba. Kowacce ta ci gaba da zama da shugabanta, da gonarta, da takardar difloma da take bayarwa, yayin da tsangayar aikin gona ta jami'ar ke bayar da digiri, cibiyar bincike kuma ke samar da sababbin iri.

Daga wannan cibiya ne manoman Arewa suka samu irin masara mai suna SAMMAZ, da dawa SAMSORG, da gyaɗa SAMNUT, da wake SAMPEA, da auduga SAMCOT.

A 1975 gwamnatin soja ta tarayya ta karɓe jami'ar daga hannun jihohin Arewa, amma tsarin ajiye kwalejojin a cikin jami'a ya ɗore.

Audugar Samaru, masaƙun Kakuri

Alaƙar wannan tsari da kudancin birnin Kaduna ba ɓoyayya ba ce.

A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila. Wasu masaƙun suka biyo baya, ciki har da Arewa Textiles da UNTL, har yankin ya zama cibiyar saƙa mafi girma a Arewa.

Audugar da injunan ke ci tana fitowa ne daga gonakin ƙasar Zazzau da Funtuwa da Gusau da Gombe. Masu bincike a Samaru su ke gyara irin, malaman gona kuma su ke kai shi ga manomi, su nuna masa lokacin shuka da yadda zai yi feshi.

Wato dai albashin ma'aikacin masaƙa a Kakuri yana rataye ne da igiya mai tufka uku: mai bincike, da malamin gona, da manomi.

Masaƙar Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007. Dalilan sun haɗa da ƙarancin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da kwararowar atamfofin fasa-ƙwauri, da kuma koma-bayan noman auduga.

Dubban iyalai suka rasa abin dogaro. 'Ya'yansu da jikokinsu na cikin masu neman gurbin karatu a yau, don haka duk wata shawara a kan buɗe jami'a ko ƙarin kuɗin makaranta tana isa cikin gidajensu kai tsaye.

Har yanzu kuma yankin na buƙatar masu ilimin noma na aikin hannu. Alal misali, a 2017 kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin kaji da wurin ƙyanƙyasar 'yan tsaki a ƙaramar hukumar Chikun, kan hanyar Abuja, kuma irin wannan masana'anta na dogara ne da masara da waken suya da manoma ke kawowa.

Me ya sa ake son sauyin?

Dalili na farko shi ne takardar shaida.

Kwalejin noma na ƙarƙashin hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna. Ɗalibi kan yi shekara biyu ya karɓi ƙaramar difloma, ya yi shekara guda ta koyon aiki, sannan ya ƙara biyu ya karɓi babbar difloma.

Amma shekara da shekaru masu babbar difloma na kukan cewa ana fifita masu digiri a kansu wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma. A 2021 majalisar dokokin tarayya ta amince da ƙudurin soke wannan bambanci, sai dai Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka a 2023 ba tare da ya sa masa hannu ba.

Saboda haka iyaye da ɗalibai suka fi karkata ga jami'a, kwaleji kuwa ta zama wurin da ake zuwa idan an rasa gurbi a wani wuri.

Dalili na biyu shi ne kuɗi.

Bayan yarjejeniyar 1992 tsakanin gwamnati da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, lokacin shugabancin Attahiru Jega, an kafa harajin ilimi a 1993, inda aka fara da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni.

A 2011 aka yi sabuwar doka da ta kafa asusun TETFund. Dokar ta tsara a raba kuɗin ta yadda jami'o'i za su samu kashi biyu, kwalejojin kimiyya da fasaha kashi ɗaya, kwalejojin horar da malamai kashi ɗaya. Kwalejojin da ke koyar da fanni guda, kamar na noma, ba su shiga cikin rabon ba.

Wannan ya sa kwalejojin noma da dama suka ga cewa mafita ita ce sauya suna. Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗejiya a jihar Jigawa ta koma kwalejin kimiyya da fasaha. A jihar Imo, kwalejin noma ta Michael Okpara da ke Umuagwo ta fara komawa kwalejin kimiyya da fasaha a 2007, daga baya kuma harabarta ta zama jami'ar noma da muhalli ta jihar.

A jihar Kebbi kuwa, gwamnatin tarayya ce ta karɓi harabar kwalejin noma ta Zuru a 2020, ta mayar da ita jami'ar noma ta tarayya.

Dalili na uku shi ne siyasa. Jami'a na kawo wa gari suna, da ayyukan yi, da kasuwa ga masu gidajen haya da masu sayar da abinci. Ga ɗan siyasa kuma abu ne da za a iya nuna wa masu zaɓe da yatsa.

Abin da ke sauyawa

Da zarar majalisar dokokin jiha ta yi doka, gwamna ya sa hannu, sai makarantar ta bar hannun NBTE ta koma ƙarƙashin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC.

Hukumar NUC, wadda aka fara kafawa a 1962 a matsayin mai bayar da shawara, ta samu ikon gindaya mafi ƙarancin ƙa'idojin koyarwa ne ta hanyar wata dokar soja ta 1985. Ita ke tura masana su duba malamai, da ɗakunan gwaje-gwaje, da ɗakin karatu, kafin a amince da kowane kwas.

A nan ne matsalar ma'aikata ke kunno kai. Jami'a na buƙatar furofesoshi da masu digirin digirgir, kuma ana auna malaminta ne da yawan binciken da ya wallafa.

Ƙarfin kwalejin noma kuwa yana hannun masu koyar da aikin hannu ne: wanda ya iya gyaran tarakta, da wanda ya iya yi wa shanu allura, da wanda ya san yadda ake auren itatuwa. Da yawansu babbar difloma suke da ita, kuma tsarin jami'a ba ya ba su matsayin cikakken malami.

Sai kuma batun kwasa-kwasai. Digirin aikin gona na ɗaukar shekara biyar, ciki har da shekara guda ta aiki a gona, kuma yana cin kuɗi saboda dabbobi da injuna da taki. Kwasa-kwasai irin su akanta da harkokin kasuwanci sun fi arha wajen koyarwa, sun kuma fi jawo ɗalibai.

Jami'ar da ke neman kuɗin shiga kan samu kanta tana faɗaɗa waɗannan fannoni, noman da aka kafa ta dominsa yana komawa gefe.

Hakan ya faru hatta a jami'o'in noma na tarayya da aka kafa a Abeokuta da Makurɗi a 1988, da Umudike a 1992. A 2017 ministan aikin gona na lokacin, Audu Ogbeh, ya umarce su da su daina koyar da fannonin da ba su shafi noma ba.

Su wa ke mulkin jami'a?

A tsarin da Nijeriya ta gada daga Ingila, iko a jami'a ya kasu gida-gida.

A ƙololuwa akwai wanda doka ke kira Mai Ziyara, wato babban majiɓincin jami'a. Shugaban ƙasa ne ke riƙe da wannan matsayi a jami'o'in tarayya, gwamna kuma a jami'ar jiha. Yana da ikon tura kwamitin da zai binciki yadda ake tafiyar da jami'ar.

Sai uban jami'a, wanda galibi basarake ne ko wani dattijo mai mutunci. Muƙaminsa na girmamawa ne, shi ke jagorantar bikin yaye ɗalibai.

Majalisar gudanarwa ce ke kula da dukiya, da kasafin kuɗi, da ɗaukar manyan ma'aikata da ladabtar da su. Wasu daga cikin wakilanta gwamnati ke naɗa su daga waje, wasu kuma malamai da ma'aikata ke zaɓo su daga ciki.

Majalisar malamai, wadda ta ƙunshi furofesoshi da shugabannin tsangayoyi da sassa, ita ke da ta cewa a kan manhaja, da jarrabawa, da kuma wanda ya cancanci digiri.

Shugaban jami'a shi ke tafiyar da al'amuran yau da kullum, tare da magatakarda, da ma'aji, da shugaban ɗakin karatu.

A jami'o'in tarayya, dokar 1993 da gyare-gyaren da aka yi mata, musamman na 2003 da ake kira dokar 'yancin jami'o'i, sun bai wa majalisar gudanarwa ikon naɗa shugaban jami'a na zango guda mai shekara biyar, sannan ta sanar da Mai Ziyara. Dokar ta kuma ce a tura kwamitin bincike aƙalla sau ɗaya a cikin kowace shekara biyar.

Jami'ar jiha kuwa dokar jiharta ce ke mulkinta. A jihohi da yawa gwamna ne ke naɗa shugaban majalisar gudanarwa da wakilan waje, shi ne kuma ke da magana ta ƙarshe a kan wanda zai shugabanci jami'ar.

Bugu da ƙari, albashi daga baitulmalin jiha yake fitowa. Asusun TETFund na gina azuzuwa, yana tura malamai ƙaro ilimi, yana tallafa wa bincike, amma ba ya biyan albashi.

Ko a matakin tarayya ma 'yancin ba cikakke ba ne. A watan Yunin 2023 gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta rushe majalisun gudanarwar jami'o'in tarayya tare da na sauran hukumomi, abin da ASUU ta ce ya saɓa wa doka, kuma sai a 2024 aka naɗa sababbi.

Darasin Jami'ar Jihar Kaduna

Da jihar Kaduna ta tashi kafa jami'arta, ba ta mayar da kwalejin noma jami'a ba.

An kafa Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, da dokar watan Mayun 2004, lokacin mulkin Gwamna Ahmed Mohammed Maƙarfi, aka kuma fara karatu a zangon 2005 zuwa 2006.

Wannan ya zo ne jim kaɗan bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, waɗanda suka yi sanadin asarar rayuka masu yawa, suka kuma sauya yanayin zama a birnin, inda akasarin Musulmi suka tattara a arewacin kogi, akasarin Kirista kuma a kudancinsa.

A irin wannan yanayi, wurin da za a ajiye jami'a da waɗanda za su jagorance ta batu ne mai buƙatar taka-tsantsan.

An tsara jami'ar da harabobi biyu, ɗaya a kan titin Tafawa Balewa a birnin Kaduna, ɗaya kuma a Kafanchan da ke kudancin jihar. A 2005 aka naɗa Sarkin Moro'a, Malam Tagwai Sambo, uban jami'ar na farko.

An ajiye tsangayar aikin gona a Kafanchan, yayin da makarantar fasahar noma ta jihar da ke Samarun Kataf ta ci gaba da bayar da difloma a ƙarƙashin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli.

Harabar cikin gari ta zama ɗaya daga cikin wuraren da matasan ɓangarorin biyu ke haɗuwa a aji guda, domin ɗalibai daga Barnawa da Narayi da Kakuri na tsallaka gada kullum don zuwa darasi.

Amma tarihin jami'ar ya kuma nuna irin ƙarfin ikon Mai Ziyara.

A watan Maris na 2020, 'yan kwanaki bayan gwamnatin Kano ta tuɓe Muhammadu Sanusi na Biyu daga sarauta, Gwamna Nasir El-Rufai ya naɗa shi uban jami'ar.

A 2021 gwamnatin jihar ta ƙara kuɗin makaranta a manyan makarantunta. A KASU, kuɗin da bai kai naira 40,000 ba ga yawancin 'yan asalin jihar ya koma naira 150,000 mafi ƙaranci. Ɗalibai sun yi zanga-zanga, gwamnati kuma ta ce ba za a samu ingantaccen ilimi da tsohon farashi ba, tana mai nuni da shirinta na tallafi da rancen karatu.

A 2022, lokacin yajin aikin ASUU na wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, gwamnan ya yi barazanar korar malaman KASU da suka shiga yajin, bisa hujjar cewa takaddamar tsakanin ƙungiyar ce da gwamnatin tarayya.

A watan Agustan 2023 sabon gwamna, Uba Sani, ya sanar da rage kuɗin KASU daga naira 150,000 zuwa 105,000, na Kwalejin Nuhu Bamalli kuma daga naira 100,000 zuwa 50,000.

Ko mutum na goyon bayan ƙarin ko ragin, abu guda ya fito fili: a cikin shekara biyu farashin karatu ya hau ya sauka ne bisa manufar wanda ke zaune a Gidan Sir Kashim Ibrahim. Hakan na wahalar da iyaye wajen yin tanadi, yana kuma wahalar da jami'a wajen tsara kasafin shekaru masu zuwa.

Sanarwa daban, aiwatarwa daban

Mazauna Barnawa na da wani misalin a ƙofar gidansu. A unguwar ce kwalejin nazarin muhalli ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna take, makarantar da ta samo asali a 1956, gwamnatin tarayya kuma ta karɓe ta a 1991.

A 2006 gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo ta sanar da shirin mayar da ita jami'a, tare da takwararta ta Yaba a Legas. Gwamnatin ta sauka a 2007 ba a aiwatar da shirin ba, kuma har zuwa 2025 makarantar ta Kaduna na nan a matsayinta na da.

A ɗaya ɓangaren, a watan Fabrairun 2025 gwamnatin tarayya ta mayar da Jami'ar Nok da ke Kachia, wadda a da mai zaman kanta ce kafin kotu ta mallaka wa gwamnati ita, zuwa jami'ar tarayya ta kimiyyar aikace-aikace. An naɗa Bishop Matthew Hassan Kukah shugaban majalisar gudanarwarta.

Wata shida bayan haka, a watan Agustan 2025, majalisar zartarwa ta tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya har na tsawon shekara bakwai. Ministan ilimi Tunji Alausa ya danganta matakin da yawaitar makarantun da ba su da isassun ɗalibai da kayan aiki.

Misalin Amurka

Ƙasar da ta fi shahara wajen mayar da kwalejojin noma jami'o'in jiha ita ce Amurka, kuma tana da hannu a tarihin Samaru.

A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta bai wa kowace jiha fili eka 30,000 a kan kowane ɗan majalisar tarayya da take da shi, domin ta sayar ta kafa kwalejin noma da ƙere-ƙere. Akasarin filayen an karɓe su ne daga hannun 'yan asalin ƙasar.

Dokar 1887 ta samar da kuɗin tashoshin bincike a kwalejojin, ta 1914 kuma ta kafa aikin malaman gona a ƙarƙashinsu. Ta haka koyarwa da bincike da kai ilimi ga manomi suka zauna a gida ɗaya, kowanne da kasonsa na kuɗi a doka.

Kwalejin noma ta jihar Kansas, wadda aka kafa a 1863, ba ta karɓi sunan jami'a ba sai a 1959. Ta jihar Michigan an kafa ta a 1855, ta zama jami'a a 1955. Sunan ya zo ne bayan aikin ya riga ya kankama.

Wajen gudanarwa, hukumar da ke kula da jami'o'in Kansas na da wakilai tara da gwamna ke naɗawa, majalisar dattawan jihar ta tantance, kuma doka ta hana fiye da biyar su fito daga jam'iyya guda.

A Michigan kuwa jama'a ne ke zaɓen amintattun jami'ar su takwas, kowanne na shekara takwas, ana sabunta biyu duk bayan shekara biyu. Saboda haka babu gwamnan da zai wayi gari ya share su baki ɗaya.

Jami'ar Michigan ɗin ce ta taimaka wajen kafa Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka a 1960, ta Kansas kuma ta turo malamai Samaru a shekarun 1960 da 1970 domin gina tsangayoyin aikin gona da likitancin dabbobi.

Tambayoyin da ke gaban majalisa

Hausawa na cewa suna linzami ne, amma linzami ba ya tafiya sai da doki. Abubuwan da suka faru a Kaduna da sauran wurare na nuna wasu tambayoyi da ya kamata a amsa a cikin dokar kafa jami'a tun kafin a ɗaga allo.

Ta farko ita ce makomar difloma. Shin za a rufe ta ne, ko kuwa za a bi tsarin Samaru da Kabba da Mando, a bar kwalejin da shugabanta da kasafinta a cikin jami'a?

Ta biyu ita ce kariyar majalisar gudanarwa: wa'adin da ba ya ƙarewa tare da na gwamna, da sharuɗɗa bayyanannu kafin a rushe ta, da kujeru ga manoma da masu masana'antu, ba 'yan siyasa kaɗai ba.

Ta uku ita ce hanyar samun kuɗi da doka ta tabbatar, da ƙa'idar da za a bi kafin a ƙara ko a rage kuɗin makaranta.

Ta huɗu kuwa ita ce gonar kanta. Filin gwaji da makiyayar dabbobi su ne abu na farko da ake yanka idan ana neman wurin gina ofisoshi da ɗakunan taro.

Muhimmancin waɗannan tambayoyi ya wuce harabar makaranta. A 2016 wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatirin. A 2023 kuma wata cuta ta lalata citta a Kachia da Jaba da Kagarko, yankin da ya fi ko'ina noman ta a Nijeriya.

A irin waɗannan lokuta manomi na buƙatar masanin da zai gano cutar a ɗakin gwaji, yana kuma buƙatar malamin gona da zai hau babur ya iske shi a gonarsa. Jami'a ce ke samar da na farko, kwaleji ke samar da na biyu.

Jihar da ta rufe kwalejinta domin ta buɗe jami'a, ba tare da ta yi tanadin inda za a ci gaba da horar da malaman gona ba, za ta iya yaye dubban masu digiri, amma ta rasa wanda zai kai sakamakon bincikensu ƙauye.